Fuskar Baturiya a Bayan Igiya

Duk wanda ya ci kasuwar Danja a shekarun farko na samun 'yancin kai ya san Baturiya mai daddawa. In bai san sunanta ba ya san mazauninta, gindin wata tsamiya bayan masu tukwane, inda ƙamshin hajarta ke tarar mutum tun bai ƙaraso ba. Wanda ya raɗa mata Baturiya shi ya san dalilinsa, don baƙa ce wuluk, gajeriya, mai faɗin kafaɗa irin na matan da suka tashi da fartanya a hannu. Bamagujiya ce daga wani babban gida tsakanin Tsiga da Danja, inda ake bin addinin kaka da kakanni, ana noma dawa da auduga, kowace mace kuma da 'yar gonarta.

Baki kuwa ba a magana. In ka taya daddawarta tayin wulaƙanci, sai ta tambaye ka ko a gidanku da ruwan rijiya zalla ake kaɗa miya. Mijinta Labo, wanda maza ke shakkarsa wurin gardama, ya daɗe da gane cewa in ta fara, gara ya saɓi gatari ya nufi daji. Ba maganar da ke tsaya mata a maƙogwaro. Abu ɗaya ne ba a taɓa jin ta buɗe baki a kansa ba, shi ne ɗanta na fari.

Ɗanasabe sunansa, amma ba daga bakinta za ka ji ba. A wajensu, kamar a yawancin gidajen ƙasar, mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, ba ta ma ɗaga ido ta dube shi sosai. Kunya ke nan, da ita kuma ake auna tarbiyyar mace. Ranar da aka yaye shi, uwar Labo, wadda kowa ke kira Tsohuwa, ta goya shi ta wuce ɗakinta, daga nan ya zama nata. In dole ta kama Baturiya ta ambace shi, sai ta ce "na Tsohuwa". Wanda ya ƙirƙiro wannan al'ada, ko wane ne shi, da wuya in ya taɓa shayarwa.

Ta riƙe kunyar nan fiye da yadda aka nema. Har misali ake yi da ita a gidan: in amarya ta haihu ta fara rawar kai da jariri, sai a ce ta dubi Baturiya ta koya. Abin da ba su sani ba, ko suka sani suka yi shiru, shi ne tana iya tsamo tarinsa daga cikin tarin yara ashirin. In ranar girkinta ce, malmalar da ke akushin Tsohuwa ta fi ƙarfin cikin tsohuwa mara haƙora, ba wanda ya taɓa tambaya. Ranar da kunama ta harbe shi yana shekara tara, gida duk ya ruɗe, ita tana bakin turmi ba ta ko waiwaya ba. Ta yi ta daka har tafin hannunta ya fashe, dawar da aka ce a surfa ta koma gari. Aka yaba mata ƙwarai a kan wannan.

Haka ta raini ɗanta da wutsiyar ido. Ta san ƙeyarsa, ta san dugadugansa, ta san yadda yake karkata kafaɗar hagu in ya gaji. Fuskarsa ce ba ta sani ba, sai gutsure-gutsure, kunne yau, gefen haɓa gobe. Wannan abu na ci mata rai, tana kwana da shi tana tashi da shi, ba kuma wanda za ta gaya wa. Ta haifi wasu shida bayansa, uku suka tsaya, tana zaginsu tana rungumarsu yadda ta ga dama, amma ba su rage mata ko kaɗan daga wannan ƙishi ba.

Shi kuwa ya tashi miskili, mai son dawaki. Da ya kai shekara ashirin da biyu ya haɗa audugarsa ta damina biyu ya sayi wani bidi, doki mai farin gashi da ɗigo-ɗigo, siriri kamar ba ya ci. Labo ya yi ta faɗa cewa mai hankali shanun huɗa yake saye. Baturiya ta taya shi faɗan, har ta fi shi. Amma daga ranar dusar da take tarawa ta daina zuwa wurin awakinta, ba wanda ya san inda take shiga.

A farkon 1967, bayan an gama kai auduga, wani kwamiti na 'yan kasuwa da ma'aikatan jirgin ƙasa da malaman mishan ya shirya sukuwa a Funtua. Abin da aka tara a bakin ƙofa na asibitin kutare ne. Manoma da fatake da dillalai duk mai doki ya kawo, Ɗanasabe ma ya rubuta sunan bidinsa. Da asuba aka ga Baturiya ta cika kwando, wai za ta kai daddawa Funtua. Wa ke sayen daddawa a filin sukuwa? Tsohuwa ta bi ta da kallo, ta ci gaba da tauna goronta da dasashi.

An kewaye filin da igiya, mutane sun yi dafifi a bayanta. Baturiya ta kutsa da kafaɗa har ta samu gaba. A zagayen ƙarshe bidin na na huɗu, sai ya fara cin ƙasa, ya wuce ɗaya, ya wuce biyu, ya nufo daidai inda take tsaye. Abin da ya faru a wannan ɗan lokaci ba ta iya tunawa. Ta dai farga kwandonta na ƙasa, ana tattake mata daddawa. Ɗanasabe ya zo na biyu, aka ba shi bargo. A gida da ake ta yabonsa ta taɓe baki ta ce, "Dokin ne ya yi gudu, shi mi ya yi ban da zama?" Muryarta ta kwana uku a dishe, ta ɗora wa tsamin fura laifi.

Da damina ta tsaya yaƙi ya ɓarke a kudu, aka shiga neman samari aikin soja. Wata safiya, dawa ta kai gwiwa, Ɗanasabe ya sayar da bidin ya ɗaure kayansa a cikin bargon nan. Ya sallami Labo, ya sallami Tsohuwa, wadda ta riƙe masa riga tana kuka iyakar ƙarfinta, don ita tana da wannan dama. Sannan ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakin Baturiya. Tana zaune tana tsintar kalwa a faifai.

"Zan tafi," ya ce.

"A sauka lafiya," ta ce wa faifan.

Ya ɗan jima a durƙushe, sannan ta ji tashinsa. Ba ta ɗago ba sai da ya kai bakin zaure, ta ga ƙeyar da ta saba gani.

Wata uku ba wasiƙa, ba saƙon baki. Tana zuwa kasuwa, tana faɗa da masu taya, amma duk motar da ta tsaya sai ta ƙirga ƙafafun da suka sauko. Abin da ya fi damunta shi ne in ta rufe ido don ta gan shi, baya yake juya mata. Ta yi wa iskokin gidan yanka da kazarta ba tare da ta faɗi dalili ba.

Ran nan, dawa ta fara kai, wani mutum mai gajeren wando da keke ya tsaya gindin tsamiyar. Ya gaishe ta da ladabi, ya ce sunansa Matta, shi ne mai ɗaukar hoto a Funtua, kusa da tasha. Ya ce akwai hoton ranar sukuwa da take ciki, kwamiti na so ya buga shi a kalandar baɗi da za a sayar don asibitin. Amma ba a bugawa sai duk wanda fuskarsa ta fito sosai ya dangwala yatsa a takardar yarda. Ranar Asabar mai zuwa kwamiti zai zauna. Hoton da takardarsa ba ta cika ba, a gaban kowa za a ƙone shi, har da fim ɗin da ake wanko shi.

"To ku ƙone mana," in ji Baturiya. "Ni na ce a ɗauke ni? Mi za a yi da fuskata a bango, korar ɓeraye?"

"Inna, ba ke kaɗai ba ce a ciki," Matta ya ce, ya rage murya. "Akwai mai bidi. Shi ya gaya mani inda zan same ki."

Ta shiga jera daddawar da ta riga ta jera. Can ta ce ya nuna mata. Ya ce ba ya yawo da shi, kuma dokar kwamiti ba ta yarda a buɗe hoton mutum a tsakiyar kasuwa ba, sai dai ta zo shago.

Ranar Alhamis ta shiga motar Funtua ba kwando. Shagon ɗan ƙarami ne, da benci, da labule mai zanen bene da furanni inda ake tsayar da mutane. Matar Matta, Liatu, ta kawo mata ruwa a kofin silba, ta dube ta sau ɗaya, ta koma ciki ta ja ƙofa. Matta ya zaro hoton daga ambulan ya ɗora mata a cinya.

Dokin ta fara gani, ƙafafunsa huɗu duk a sama. Sannan ta ga mahayin. Ya duƙa a kan wuyan dokin, fuskarsa gaba ɗaya tana fuskantar mai kallo, kuma ba wanda zai ce ta sauke ido. Ashe goshin ubanta ya ɗauko. Ashe yana da wushirya. A girarsa ta dama akwai wani ɗan tabo da ba ta san da shi ba, ta rasa ko yaushe ya ji ciwon, wa ya wanke masa. Shekara ashirin da huɗu tana gida ɗaya da wannan fuska. Ta kalla, ta kalla, kamar mai shan ruwa bayan yinin gona, Matta kuwa ya juya yana goge abin da ba ya bukatar gogewa.

Da ya ga ta ɗan numfasa, sai ya sa yatsa a gefen hagu na hoton. "Ga inda kike, Inna."

Wata mata ce a bayan igiya, ta fi kowa fitowa. Hannayenta biyu a sama, ɗankwali ya zame, kwando na faɗuwa, baki a wangame, idanunta kaf a kan mahayin. Ko makaho ya shafa ya san uwa ce. Baturiya ta ji kamar an tuɓe mata zane a kasuwa. A nan ta tuna abin da ya dusar mata da murya, ta tuna kuma sunan da take ta kira.

"Cire ta," ta ce. "Ku masu hoto ba ku da almakashi? Yanke wannan mahaukaciyar, ka bar doki da mai shi. In ka yanke, yatsu goma ma sai in dangwala maka."

"Yankewa ba wuya," in ji Matta. "Takarda zan rufa a wurin lokacin wanki, ki ɓace. Ni ma abin da na yi niyya ke nan tun farko, da ban wahalar da ke ba. Amma dubi nan."

Ya ɗauko wata takarda mai rubutun inji. A ƙasa akwai shuɗin tambarin babban yatsa, a gefensa kuma layi biyu na rubutun hannu. Ya ce ranar da Ɗanasabe zai shiga jirgin Zariya ya biyo ta nan, a kan wannan bencin ya zauna. Ya yarda a buga, amma sai da ya sa aka rubuta masa sharaɗi. Matta ya karanta a hankali: "Kada a yanke kowa. Ko a buga shi duka, ko a ƙone shi duka."

"Ɗan banza," in ji Baturiya. "Miskilin banza. Daga ina ya koyo wannan mugunta?"

Ta shiga lissafin abin da zai biyo baya. Kalanda ba a ɗaki take zama ba. Za a rataye ta a shagon tela, a teburin mai shayi, a ofishin auduga, daga Funtua har Malumfashi, shekara guda cur. Wani zai kai ta gida, dole. Matan gidan da ta sha yi wa gori za su samu waƙar niƙa. Amaren da aka ce su yi koyi da ita za su riƙa haɗa ido suna murmushi. Tsohuwa, wadda ta goya shi ta yi masa komai, za ta ga kamar an zo karɓe mata ɗa da rana tsaka. Kunyar nan ita ce abin da Baturiya ta mallaka wanda ya fi daddawa, ta biya ta da tsada, ga shi takarda ɗaya za ta watsar.

"To ka ba ni wannan guda," ta ce. "In ɓoye a ƙasan tukunya. Ka ce masu ka ƙone. Wa zai sani?"

Matta ya girgiza kai. Ya ce shekara biyu da suka wuce shi ne ya ɗauki wani hoto a irin wannan sukuwa, aka buga ba a tambayi kowa ba. Fuskar matar wani Alhaji Aƙilu ta fito a cikin 'yan kallo, alhali mijin bai san ta je ba. Magana ta kai gaban alƙali, aka bi shago-shago ana tattara kalanda, matar ta yi wata huɗu a gidan iyayenta. Daga nan aka fito da takardar yarda. "Ni na jawo mata, Inna, ba ta yi mani komai ba. Tun ranar na yi alkawari, fuskar mutum tashi ce, abin da ya ce a yi da ita shi zan yi. Ya ce duka ko babu. Ke ma in kin ce a'a, ba mai ƙara ganin wannan, ko kwamitin. Amma ba zan ba ki rabin abin da ya hana ba."

Ta so ta zage shi, zagin bai zo ba. Ta sake duban hoton. In ta ce a'a, jibi war haka wannan goshi da wannan wushirya sun zama toka, ta koma gida da mutuncinta cif, ta ci gaba da rufe ido tana ganin ƙeya. In kuma yaron bai dawo ba fa? Wannan tambaya ta wata uku tana korarta kamar kaza daga shanya, yau ta zo ta zauna mata a gaba.

"Malam," ta ce, ba ta ɗago ba. "Da ya gani, mi ya ce?"

"Da farko kallo kawai ya yi ta yi. Ya riƙe shi har jirgi ya yi kukan farko. Ni na ɗauka dokinshi yake kallo, sai na lura babban yatsanshi na kan dokin, ya rufe shi. Can ya tambaye ni ko na'urar nan tana ƙara abin da babu. Na ce ba ta ƙarawa, abin da ta gani take ɗauka." Matta ya ɗago ya dube ta. "Sai ya ce, 'Ashe tana kallona.'"

A waje wani mai amalanke na ta neman hanya. Hawaye na bin kumatun Baturiya, ba ta share ba, ba ta kuma juya fuska ba. Duk shekarun nan tana tsammanin ita kaɗai ke jin yunwar. Ba ta taɓa kawo wa ranta cewa yaron da ke cin malmalar akushin Tsohuwa bai san daga inda take fitowa ba.

Ta goge babban yatsanta a zane ta miƙa. "Ina tawadar?"

Matta ya ce bari ya karanta mata abin da takardar ta ƙunsa tukuna, haka doka ta ce. Ta bar shi ya karanta har ƙarshe, cewa ta yarda a buga surarta, a sayar, a rataye a duk inda aka ga dama, ba tilas ba kuma ruɗi. Ya tambaye ta ko ta fahimta. Ta ce ta fahimta tun kafin ya fara. Ya kama yatsan ya danna a tawada, ya danna a takarda, ƙasa da na ɗanta. Ya ce in an buga, nata na nan, kyauta.

Ta dubi shuɗin da ke yatsanta. "Kalandar nan, tana zuwa inda sojoji suke?"

Matta ba mai faɗin abin da bai sani ba ne. Ya ce bai sani ba. Ya ce dai yana da aboki mai aiki a jirgin da ke zuwa Zariya, zai ba shi guda ya kai bariki, wataƙila daga can a samu mai tafiya kudu. Ba zai yi mata alkawarin za ta isa ba.

"Ka ba shi biyu," ta ce. "An ce can ruwa ba ya ɗaukewa. Ko ɗaya ta jiƙe."

Ya ce zai ba shi biyu. Ya miƙa hannu zai mayar da hoton cikin ambulan, ta dafe shi da tafinta. Ta tambaya ko zai bar ta ta ɗan ƙara zama, ba za ta hana shi aiki ba. Matta ya ce ta zauna. Ya ja bencin ya matsar mata da shi kusa da ƙofa, inda haske ya fi.

Daga tasha ana jiyo yaran mota suna kiran Danja, Danja, saura mutum ɗaya. Motar ta cika ta tashi ba da ita ba.